Lanƙwasar Malam Haladu

Kwanakin baya Nafisa, 'yar ƙanina, ta zo hutu da kwamfutarta, wata 'yar fyal da ba ta kai farantin tuwo nauyi ba. Ta ji ana cewa na taɓa yin aikin na'ura, sai ta zauna kusa da ni tana nuna mini abin da ake koya musu a makaranta. Ta ce, "Baffa, ka ga nan? In kana tsoron gurbin ba komai a cikinsa, nol ke nan, alamar tambaya ɗaya kawai za ka sa a gabansa. Shi ke nan fa, ba wata wahala." Na dubi alamar, na dube ta, na yi dariya. Ku yaran yanzu an dafa muku an sauke, har an fifita, shi ya sa kuke ganin girki wasa ne. Wannan gurbi da ba komai a cikinsa, ni na san abin da ya ci, domin a gabana ya ci gonar alkama guda.

Ni mutumin Kura ne. Da na gama sakandare aka ɗauke ni mai buga tafireta a ofishin ruwa, wato ofishin da ke raba ruwan noman rani ga gonakin Kura da Bunkure. Ina nan ina ƙwanƙwasa wasiƙu har tsakiyar shekarun tamanin, aka kawo kwamfuta guda ɗaya tak. Ɗaki aka ware mata, aka sa mata na'urar sanyi alhali shugaban ofis kansa da fanka yake fama. Sai ka cire takalmi za ka shiga. Allonta baƙi ne, rubutun kore. Komai a faifai ake ajiyewa, wani abu mai laushi da ya kai tafin hannu biyu, in ka bar shi a rana ko ka ɗora masa kofin shayi, aikin wata guda ya tafi. Firinta kuwa in ta fara, har masu gadi sun san ana bugu, ƙararta kamar keken ɗinki goma. Wuta ba ta da alkawari, saboda haka hannu ɗaya na aiki, kunne ɗaya na wajen janareta. Wallahi har yau in na shiga banki sanyin nan ya buge ni, ɗakin nake tunawa, kuma ina kewarsa.

Wanda ya koya mini shi ne Oga Yakubu, mutumin Dawakin Kudu da ya yi karatu a Zariya. Wata uku bai bar ni na taɓa madannai ba. Sai ya ba ni takarda da fensir ya ce in rubuta umarnin da zan ba na'ura, layi bayan layi, sannan in zama na'urar da kaina, in bi umarnin ba tare da na sa hankalina ba. In na ce, "Oga, ai an san abin da nake nufi," sai ya ƙwace fensirin.

"Wa ya sani? Garba, wannan abu jaki ne mai gudun jirgi. Inda ka nuna masa nan zai bi, ko da rijiya ce."

Na haddace maganar kamar karatu, ina ma faɗa wa abokaina a majalisa don su san ni ma na zama wani. Ashe haddacewa daban, ganewa daban.

Masu kawo mana aiki malaman gona ne, masu karɓa kuma masu get. Ga yadda abin yake. Ruwa na tahowa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, kowane ƙaramin kanal da lambarsa da get ɗinsa na ƙarfe, da mutumin da ke buɗewa da rufewa. Malamin gona shi ke zagayawa da fom, ya rubuta sunan mai gona da abin da ya shuka da yawan ekar. Daga fom ɗin nan ake fitar da jadawalin ban ruwa, a ba masu get. Kafin zuwan na'ura wani tsohon akawu ne ke yin lissafin da hannu, ya shekara goma sha wani abu yana yi, ya yi ritaya ana saura wata biyu a kawo ta. An yi masa walima, an ba shi agogon bango, amma ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi yadda yake aikin.

A cikin malaman gona ba kamar Malam Haladu. Dogo ne, siriri, da biro a bayan kunne da wani tsohon babur da sai an tura. Ya girme ni da shekara ashirin ko fiye. Abin da aka san shi da shi, ba ya rubuta abin da bai gani ba ko mai abu bai faɗa masa ba. Sauran in rana ta yi zafi sukan zauna gindin mangwaro su cike fom da ka, shi kuwa ko za a yi me sai ya taka. Manoma na tsokanarsa da Alƙali, yana amsawa.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, madatsar ba ta cika ba. Ga shi lokacin ana ta kiran mutane su shuka alkama, kowa ya zuba. Makonnin farko an ba kowane kanal ruwa yadda aka saba. Da aka ga ba zai kai ba, sai umarni ya zo daga sama cewa duk ƙaramin kanal da ba shuka a kansa a rufe shi, a tara ruwan ga masu shuka. Wannan ne babban aikin farko da aka ba na'urarmu. Oga Yakubu ya rubuta shirin, wato jerin umarnin da na'ura za ta bi, ni na shigar da fom. Kwana huɗu na yi a kai, tulin takardu ya kai gwiwa.

Ina tuna yadda takardun suka zo, wasu da tabon goro, wasu da laka, wasu an lanƙwasa musu kusurwa ta sama. Ni kuwa ɗan tafireta ne, ba na son takarda a yamutse. Duk wadda na ɗauko sai na shafe ta da tafin hannu ta miƙe, ina mita ina cewa malaman gona ba su san darajar takarda ba. Har wani ƙaton littafi na samo ina danne su da shi.

Kanal na sha huɗu yana can wutsiya, bayan Bunkure, gona uku ne kawai a kansa. Fom ɗin na Malam Haladu ne. Gona ta farko ya rubuta sifili, ta biyu sifili. Ta uku, ta wani Malam Idi, ba a rubuta komai a gurbin eka ba. Na miƙar da kusurwar, na buga sifili, na buga sifili, na zo ta uku na danna maɓallin wucewa. A yaren da muke yi wa na'ura magana a lokacin, gurbin lamba in ba ka zuba masa komai ba, sifili take ɗaukarsa, ba ta tambaya ba ta tsayawa. Ta haɗa uku ta samu sifili. Firinta ta buga, sha huɗu, a rufe. Oga ya sa hannu, aka raba wa masu get, muka tafi cin tsire muna yabon kanmu, aikin da tsohon akawu ke yi a mako uku mun gama a kwana biyar.

Bayan mako uku Malam Haladu ya shigo da sababbin fom. An tura shi ɓangaren Kura tun bayan ƙidayar gonakin da aka cike fom ɗin, shi ya sa ban gan shi ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon allon. Ina ta yi masa burga, sai ya ce, "Garba, shiru ba ku kira ni ba. Ko kun samo na sha huɗu a wani wajen?"

Na ce, "Na me, Malam?"

"Gonar marigayi Idi. Ai na lanƙwasa."

Na ce ban gane ba. Ya ɗauki fom ɗaya daga tebur, ya kama kusurwar sama ya karya ta da babban yatsa. Ya ce tun zuwansa ofishin haka suke yi da tsohon akawu. In ya rubuta sifili, ya tabbatar ba shuka. In ya bar gurbi ya lanƙwasa, ma'anarsa bai sani ba, a neme shi kafin a yanke komai. Ranar ƙidaya manoma sun taru a ƙofar gidan mai unguwa kowa na faɗin nasa, aka zo kan Malam Idi, ashe ya rasu kwana goma da suka wuce. Wani ya ce ya shuka kafin ya kwanta, wani ya ce a'a, huɗa kawai ya yi. Yamma ta yi, gonar na da nisa, washegari kuma aka ɗauke shi zuwa Kura. Sai ya lanƙwasa, ya saki jiki, don bai taɓa lanƙwasawa an ƙyale shi ba.

Na jawo jadawalin na nuna masa layin. Takalminsa kawai ya nufa. Na bi shi, na tura babur ɗin, na haye baya.

Hanyar nan ta bakin kanal, da za a mayar da ni yau in sake binta da na biya ko nawa ne. Dama da hagu alkama ce koriya shar har inda ido ya tsaya, balbelu na bin masu ban ruwa, kwandunan tumatir jere a bakin titi suna jiran mota, Fulanin rugar gefen gada na shayar da shanu suna ɗaga mana hannu. Amma ranar ban ga kyanta ba. Muna karya kwana zuwa sha huɗu, sai ƙasan kanal ɗin ya bayyana a bushe, ya tsattsage. Can ƙarshe ga gonar. An shuka ta, shuka mai kyau, layi a miƙe, kowane fangalin ban ruwa a gyare, aikin wanda ya san abin da yake yi. Alkamar ta ɗauki ciki daidai lokacin da aka yanke mata ruwa. Ganyen ya naɗe ya yi fari-fari, in ka taka sai ka ji ƙaras.

Mai get ya taho da gudu da ya ga babur. Malam Haladu ya ce, "Kai ba ka da ido? Ba ka ga shuka ba?"

Ya ce, "Malam, na gani mana. To takarda ta ce a rufe, kuma an ce na'ura ce ta faɗa. Ni wa ne?"

A wajensa muka ji sauran. Malam Idi bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure. Matarsa, Inna Hansai, tana takaba, ba ta fita. Surukinsu guda ne ke zuwa daga wani ƙauye ranar ruwa ya yi ban ruwa. Ya zo ya tarar da get a rufe, ya ɗauka irin danniyar da aka saba yi wa 'yan wutsiya ne in ruwa ya yi ƙaranci, ya ce bari ya ga mako mai zuwa. Mako ya zo, haka. Kuma ya ji nauyin ya shiga wa mai takaba da mugun labari, ga ciwon mutuwa ga na gona. In ta tambaye shi sai ya ce, "Inna, alkama sai godiya." Kowa a cikinmu ya yi abin da yake ganin daidai ne, gona kuwa tana ƙonewa.

Na so in ɗora wa Malam Haladu laifin, ba zan ɓoye ba. A hanyar dawowa na ce da ya rubuta wani abu ko a gefe ne. Ya tsayar da babur ya juyo.

"Ɗan nan, in na sa sifili na yi ƙarya. In na sa eka biyu na yi shaidar abin da ban gani ba. Ban sani ba, na kuma nuna ban sani ba. Injinku ne ba shi da wurin ajiye ban sani ba."

A ranar Oga Yakubu ya rubuta takarda da hannunsa aka buɗe get. Aka kira surukin, ni da shi da mai get muka tattare wando muka yi ta jan ruwa fangali bayan fangali har magariba. Ihu bayan hari ne. 'Yan fangulan bakin ruwa, inda ƙasa ta riƙe danshi, su suka farfaɗo. Sauran sun fid da kai, amma in ka murza a tafin hannu ka hura, ba abin da ke saura.

Daga nan ne sana'ata ta gaskiya ta fara. Oga ya ce mu gyara yadda ba za a sake ba. Dabararsa ta farko ita ce wadda kowa ke yi a zamanin, in ba a sani ba a buga tara uku, ɗari tara da casa'in da tara, kowa ya san ba gonar da ta kai haka. Muka gwada. Mako biyu lafiya, sai wani shiri da muka manta ba mu gyara ba ya haɗa lissafi, ya ce wani ɗan kanal da bai fi tsallen akuya ba yana shayar da eka dubu. Oga ya yi dariya har da hawaye, sannan ya daina, don mun ga cutar ba ta warke ba. Duk lambar da ka ara ka ce ita ce ban sani ba, wata rana wani zai manta ya lissafa da ita.

Sai muka zauna muka ƙirƙiro wa ofishin ɗan ƙaramin yarensa na rubuta ƙa'idojin rabon ruwa, wanda shirinmu zai karanta kafin ya yi komai. Dokoki uku muka sa. Ta farko, mai shigar da fom ba ya iya wuce gurbi, ko ya buga lamba ko ya buga alamar rashin sani. Mun yi kwana biyu muna gardamar alamar. Oga na son a rubuta kalma cikakkiya don kowa ya gane. Ni na ce na yi tafireta, na san halinmu, duk abin da ya wuce bugu ɗaya mai gajiya zai buga sifili ya huta. Muka tsaya a kan karkataccen layin nan da ke ƙasan madannai, don ya yi kama da kusurwar da aka karya, muka sa masa suna lanƙwasa. Ta biyu, duk lissafin da lanƙwasa ta shiga, amsarsa lanƙwasa ce. Biyu a tara da lanƙwasa ba biyu ba ne, ba a sani ba ne. Ta uku ita ce ta fi ba mu wuya, ita ce kuma nake alfahari da ita. Duk wanda ya rubuta ƙa'ida a kan wani gurbi, dole ya ƙara layi a ƙasa da ya fara da "in lanƙwasa ce", ya faɗi abin da za a yi. In bai rubuta ba, na'ura ba za ta buga ko layi ɗaya ba. A jadawalin ruwa abin da muka sa shi ne, a bar get a buɗe, a buga sunan malamin gona, a je a tambaya.

Akawuna sun tsane ni a kan wannan. Suka ce na mayar da na'ura tsohuwa mai mita, ba ta barin mutum ya tashi aiki da wuri. Wani injiniya ya ce ana asarar ruwa a kan kanal da wataƙila ba komai. Oga ya ce masa ruwan kwana biyu ana mayar da shi, alkamar da ta ƙone kuwa sai baɗi. Malam Haladu da aka nuna masa karkataccen layin a allo ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, yanzu ta fara hankali."

Bayan an gama girbi Inna Hansai ta fita takaba. Malam Haladu ya ce mu je mu yi mata barka, kuma in faɗa mata da bakina. Ban so ba, amma na bi shi. Muka tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, 'yar tsohuwa mai ƙaramin jiki, mata na ta shigowa ana raba gumba. A jingine da bango ga buhu ɗaya da bai cika ba, abin da gonar ta bayar ke nan. Da safiyar ranar ta je ta ga gonar, fitarta ta farko.

Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, sannan na shiga bayani. Na faɗi fom, na faɗi gurbi, na faɗi na'ura, har da gyaran da muka yi, kamar gyaran zai cika buhun. Ta bar ni na gama. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ni ban san injinku ba. Amma eka ɗaya da rabi ce. Ni na auna masa irin da hannuna a ƙwaryar can, ya dawo da la'asar ya ce ya zube shi duka, washegari ya kwanta. Shukarsa ta ƙarshe ke nan, na so in ɗebi iri a ciki in riƙa juyawa." Ta gyara mayafinta. "Da ba ku sani ba, me ya hana ku tambaya? Wata huɗu da kwana goma ina ɗakin nan. Duk garin nan ba wanda ya kai ni sauƙin samu."

Malam Haladu ne ya yi addu'a muka tashi. Har muka kai zaure ta aiko a ba mu gumba, na karɓa, na kasa ci.

Na yi shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki bayan nan, na ga na'urori sun ƙanƙance, yaruka sun zo sun wuce. Ɗan yarenmu ya mutu tare da faifansa, ba wanda ya adana. Oga Yakubu ya koma Dawakin Kudu, Malam Haladu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ina kewarsu ƙwarai, ina kewar zamanin da in takarda ta zo a lanƙwashe akwai mutum a bayanta da za ka hau babur ka je ka samu.

Shi ya sa da Nafisa ta gama nuna mini alamarta na ce, "To, 'yata, in alamar nan ta tarar ba komai a gurbin, wa take tambaya?"

Ta ce, "Ba kowa, Baffa. Wucewa take yi shiru, don kada shirin ya tsaya."

Na ce ta matso da kujerarta, ta rufe kwamfutar tukuna. Na miƙa hannu na ɗauko wata takarda a kan tebur, na kama kusurwarta ta sama, na karya.